Yaƙin Malam Nata'ala da Alawa

A shekara ta biyu da ɓarkewar yaƙin basasa, lokacin da kusan kowane lungu na cikin birni yake da ɗa ko ƙane a bakin daga, an yi wani mai ɗinkin hula a unguwar Madabo ana ce masa Malam Nata'ala. In dai allura ce, hannunsa ba shi da na biyu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Bakinsa ne matsalar. Tun yana saurayi ya taɓa yin wata bakwai yana shara da kiran layi a wani ɗakin shan magani, aka sallame shi saboda ya fara duba marasa lafiya kafin likita ya iso. Shekara talatin ke nan, amma har yanzu in ka yi kuskuren cewa kanka na ciwo a gabansa, sai ya kama tsintsiyar hannunka, ya rufe ido, ya ce hanta ce.

Ɗansa na fari, Salihu, ya shiga soja. Ranar da jirgin ƙasa zai kwashe su, Salihu ya durƙusa a gaban uban a tasha ya ce, "Baba, ga Hasana nan da Ladi, na bar muku amana. Abu ɗaya nake roƙo, haƙoran yarinyar nan. Malamar asibiti ta ce guda biyu sun fara baƙi, kuma zaƙi ne yake cin su. Ga shi ba ta fi shekara huɗu ba. A taimaka a rage mata."

Malam Nata'ala ya kau da kai yana kallon hayaƙin jirgi, don kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya dubi idon yaron, balle ya kama sunansa. Zuciyarsa cike take da tsoro, kuma abin da yake so ya faɗa shi ne Allah ya tsare, Allah ya dawo da kai. Da ya buɗe baki, sai abin da ya saba ne ya fito.

"Kai je ka yi naka yaƙin. Wannan nawa ne. Ni da na yi aikin asibiti?"

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Tun da aka fara yaƙi, duk uwar da ɗanta yake can ba ta barin Juma'a ta wuce ba ta yi sadaka ba, kuma ƙananan yara ake nema, don an ce amin ɗinsu ba ta da shamaki tunda ba su da zunubi. To, mu ma da muka girma mun san abin da yake tara yara. Alawa ce, da tuwon madara, da kantun riɗi, da mazarƙwaila. A lungunsu Malam Nata'ala kaɗai gida bakwai ne suke yi, har da nasa, don matarsa 'Yardada ba ta fashi. Ladi kuwa 'yar soja ce, kowa tausayinta yake ji. Inda aka ba kowane yaro ɗaya, ita sai a ce, "Allah sarki," a danƙa mata biyu. Uwarta Hasana ta yi iya ƙoƙarinta, amma ta ina suruka za ta hana abin da uwar miji ta bayar?

Wata rana Hasana ta dawo daga asibitin yara da saƙo. Malama Zaituna, malamar da take duba su, ta ce nan da kwana arba'in za ta zo awon yara a ƙofar gidan mai unguwa, kuma za ta duba bakin Ladi. In baƙin ya ci gaba, sai dai a cire haƙoran.

Da la'asar Malam Nata'ala ya nufi ƙofar shagon Isyaku tela, inda dattawan lungu suke taruwa jin labaran yaƙi a rediyo. Ya bari aka gama, aka yi shiru, sannan ya gyara zaman doguwar hularsa wadda ya ɗinka da hannunsa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku zama shaida. Daga yau na ɗaura yaƙi da sukari. Kwana arba'in, ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga bakin amaryata ba." Amaryarsa ita ce Ladi, haka yake kiranta irin na wasan kaka da jika, ita kuma ta ce masa mijina.

Isyaku ko kai bai ɗago daga kan keke ba. "Kai ɗin? Kai da kake jefa ƙwaya biyar a kofin koko?"

"Wannan magani ne. Jinina ne yake da sanyi."

"Ranar sunan gidan Bappa Yero fa, da ka cinye alkaki tara?"

"Ɗanɗanawa na yi, in ji ko zai cutar da jama'a. Kai Isyaku, ɗinkin wando ka iya. Harkar lafiya ka bar wa masu ita."

"Na bari," in ji Isyaku. "Allah ya ba mu rai da lafiya, mu ga kura da ajiyar nama."

Washegari da hantsi ya kafa shinge, irin wanda ya ga sojoji sun yi a hanyar Ƙofar Mazugal. Ya fito da turmi biyu ya ajiye a ƙofar zaurensa, ya gitta gora a kai, ya zauna a gefe da ɗinkinsa. Wanda ya fara faɗawa hannu ɗan garuwa ne da ya kawo ruwan gidan. Bawan Allah bai san an yi doka ba, garwa biyu a kafaɗa, ya yi tuntuɓe da gorar, ruwan ya tafi gaba ɗaya a kan huluna uku da aka gama ɗinkawa. 'Yardada ta leƙo daga cikin gida.

"Malam, ina turmina? Gero na jira."

"Yana bakin aiki."

"Ni kuma in daka da me, da kaina?"

"Ana yaƙi, 'Yardada. Kowa da irin gudummawarsa."

Ranar ba a sha fura a gidan ba. Amma da Juma'a ta zo, shingen ya yi kamu. Ladi ta dawo daga zagayen sadaka, hannu biyu cike, bakin zane a ƙulle. Malam Nata'ala ya tsayar da ita.

"Tsaya nan! Me aka ɗauko?"

"Alawa ce, mijina."

"To, amaryar kirki in ta samo abu, wa take kai wa?"

Ladi ta yi tunani. "Mijinta."

"Madalla da amarya."

Ta juye masa duka a cinya ta shige gida tana tsalle, don a ganinta wani sabon wasa ne. Shi kuwa ya zauna yana kallon ganima, sai a lokacin ya tuna bai shirya inda za a kai ta ba. Ya tashi zai watsa a kwata, 'Yardada ta tare shi da salati. "Abin sadaka za ka zubar? Sadakar da uwaye suka yi don 'ya'yansu su dawo?" Ya fasa. Ya ce a ba wasu yaran, sai ya tuna su ma da haƙora a bakinsu. Isyaku ya aiko cewa shi zai taimaka ya karɓa, Malam Nata'ala ya ce ba a ba farar hula kayan yaƙi. Da ya duba gabas da yamma bai ga mafita ba, sai ya yi bismilla, ya ce ai shugaba shi yake shiga gaba in ana wuta. Ya fara da tuwon madarar gidan maƙwabciyarsu Kulu, don ita ba ta ha'inci wajen madara. Abin da ya rage ya cire hula ya jera a ciki, ya mayar kansa.

A mako na biyu ya gano cewa abokan gaba suna da wata hanya. Ladi takan shiga gidajen ƙawayenta, su kuma su gutsura mata. Saboda haka ya ɗauke shingen ya kai shi bakin lungu, ya ce daga yau dokar ta hau kan kowane yaro. Kwana ɗaya aka yi yana cin nasara. A na biyu yara suka gane cewa abin da ya riga ya shiga ciki ba a ƙwace shi. Sai su zo taku uku daga gorar su tsaya a jere, su zuba masa ido, su tura komai a baki lokaci guda. Abin da a da suke tsotsa daga hantsi zuwa azahar, yanzu kafin ya ajiye allura sun haɗiye sun koma neman ƙari. Wata 'yar mitsitsiya ta iso da kumatu a cike tam.

"Ke, mene ne a bakinki?"

Ta girgiza kai.

"Buɗe in gani."

Ta runtse ido ta haɗiye da ƙyar, har da hawaye, sannan ta wangale masa baki. "Ba komai, Baba."

Isyaku yana daga ƙofar shago ya ce, "Ranka ya daɗe, da alama tun da ka kafa dokar nan cinikin masu alawa ya ninka. Ko da kai aka haɗa baki?"

"Ja da baya ne na dabara," in ji Malam Nata'ala. A rediyo ya ji kalmar.

Dabarar da ya fito da ita a mako na uku ita ta jawo masa abin da bai zata ba. Ya ce tunda sadaka ce tushen ɓarnar, a gyara sadakar. Ya hana 'Yardada dafa alawa, ya tafi kasuwa ya cika kwando da gauta, irin ƙananan nan masu ɗaci. Bayan an sauko daga masallaci ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya, "Yara, ku zo sadaka!" Suka kwaso a guje, sun fi ashirin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danƙa wa kowa gauta biyu, yana bayanin amfaninta ga hanta. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya dawo da sojojinmu lafiya."

Shiru. Wani yaro ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Wata ta ajiye nata a kan dakali a hankali, kamar kada a ji haushinta. Kafin ka ce kwabo lungu ya watse, sai gauta birjik a ƙasa da akuyar Bappa Yero tana bi tana shinshinawa. Ita ma ba ta ci ba.

Da ya shiga gida ya tarar da 'Yardada zaune a bakin murhu tana kuka, ba irin na faɗa ba. A makon nan rediyo ya yi ta faɗin an gwabza a wajen da aka kai su Salihu, kuma wata guda ke nan ba wasiƙa.

"Ko yaro ɗaya bai ce amin ba, Malam," ta ce. "Ko ɗaya. Tun da ya tafi ban taɓa yin Juma'ar da ba a ce masa amin ba sai yau."

Malam Nata'ala ya fita, ya tafi har unguwar Zaitawa inda ba a san da dokarsa ba, ya sayo alawa faranti guda, ya dawo ya kira yaran da kansa. Wannan karon amin ɗin har bakin titi an ji ta. Yana gama shafa addu'a ya zagaya da sauri ya koma bakin shinge, ya ƙwace abin da ya iya ƙwacewa, ya zuba a hula.

Labari ya kai kunnen Kulu, wadda 'ya'yanta biyu ne a bakin daga, kuma ba a taɓa jin ta ji tsoron gemu ba. Ta yafa mayafi ta same shi a kan aiki.

"Malam Nata'ala, an ce kai kake karɓe sadakata daga hannun yara."

"Ajiya nake yi, Kulu, don lafiyarsu."

"A ina ake ajiyar?"

"Sirrin soja ne."

"To ka ji da kyau. Ni yara na yi wa, marasa zunubi. Ban tsaya a gaban wuta tun asuba ina juya madara don tsoho mai furfura ba. Kai amin ɗinka wa ya san inda take tsayawa?"

"Haba Kulu, ni ma ai ina da alwala."

"Riƙe abarka. Na ƙara jin an taɓa tuwon madarata, da muciya zan zo."

Daga ranar ya sassauta wa sauran yara, sai wanda tsautsayi ya kawo. Amma Ladi ba ta fasa ba. Ita kaɗai ce a duk Madabo ta ɗauki dokar da gaske. Juma'a ko ba Juma'a ba, duk abin da aka ba ta sai ta ƙulle a bakin zane ta kawo, ta tsaya tana kallo har ya ci, don in bai ci ba sai ta ɓata fuska ta ce mijinta ya ƙi ta. Ganin haka matan lungu, da suke jin an zalunci 'yar soja, suka ƙara yawan abin da suke ba ta a ɓoye. Duk a cinyar Malam Nata'ala yake ƙarewa.

Ranar kwana na talatin da ɗaya, yana tsakiyar tauna kantun riɗi, wani abu ya tsarga masa daga turmin haƙori na hagu har cikin kunne. Ya dafe kunci ya ce sanyi ne. Ya cusa kanumfari, ya cusa tafarnuwa, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya kama tsintsiyar hannunsa da kansa ya rufe ido, amma ko shi bai yarda hanta ce ba. Kafin kwana biyar kuncin ya tashi kamar ya ɓoye lemo a ciki. Sai ya ciro tsohon rawanin da ya gada, ya naɗa a kan hular, ya ja amawali ya rufe har hanci.

"A'a!" in ji Isyaku. "Naɗi aka yi ba a gaya mana ba? Wace sarauta?"

"Mura," in ji Malam Nata'ala ta cikin rawani.

"Mura da zafin nan? Sauke mu gani mana."

"Ana ɗauka."

Yanzu ga ciwo, ga Ladi ba ta daina kawowa ba. Tauna ta gagara, sai ya riƙa kai hannu baki ta ƙarƙashin amawali kamar ya ci, in ta juya ya tura cikin hula. A ɗaki ba dama, 'Yardada tana shara kullum, ga kiyashi. Hular ta yi ta nauyi har wuyansa ya fara sanƙarewa. Da hankali ya zo masa da ya nemi Malama Zaituna a asirce. Maimakon haka sai ya je ya roƙi mai unguwa a ba shi dama ya yi wa jama'a jawabi ranar awo, a matsayinsa na tsohon ma'aikacin lafiya wanda ya ci sukari da yaƙi.

Ranar ta zo a tsakiyar bazara. Tun hantsi mata suka cika ƙofar gidan mai unguwa da goyo da na hannu, suka mamaye inuwar darbejiya. Dattawa suka zauna a dakali. Malam Nata'ala ya ƙi zama. Ya tsaya a fili kusa da teburin awo, inda kowa zai gan shi, da babbar riga da rawani, yana maimaita jawabinsa a zuci. Motar asibiti ta yi latti, an ce an tsayar da ita a shingen sojoji. Awa biyu rana tana dukan hular nan.

Ƙudaje ne suka fara ganewa. Ya kore su da hannun riga, suka dawo da 'yan'uwansu. Can sai ga ƙudan zuma guda biyu suna kewaya rawanin. Ya ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunne, ya ce gumi ne. Daidai nan mota ta iso, Malama Zaituna ta sauko da farar riga da jakarta, mai unguwa ya yi mata maraba, ya ce kafin a fara akwai dattijon da zai yi magana.

Malam Nata'ala ya tako gaba, ya ɗaga hannu. "Jama'a, yau kwana arba'in..."

"Wayyo Allah, jini!" wata mata ta ƙwalla ihu. "Kansa ya fashe!"

Wani abu ja-ja baƙi-baƙi ne yake zubowa daga ƙarƙashin rawanin, ya bi goshi, ya rabu biyu a kan hanci. A kwanakin nan kowa a tsorace yake. Wani ya ce harbi ne, wata ta ce jirgin sama, mata suka suri yara, aka ture ma'auni, Bappa Yero ya rasa takalmi ɗaya. Isyaku ne kaɗai ya matso. Ya sa yatsa ya dangwalo daga goshin, ya duba, ya kai baki.

"Ku dawo, jama'a," ya ce. "Wannan jinin da riɗi a cikinsa."

Malama Zaituna ba ta tsaya wasa ba. Ta zaunar da shi a benci ta fara warware rawani, yana riƙewa tana janyewa, yana cewa ana ɗauka, tana cewa ta saba. Rawani ya fita, kunci ya bayyana, jama'a suka ce, "Subhanallahi!" Ta kama hula, hula ta ce ba inda za ta. Sai da Isyaku ya riƙe kafaɗu, aka zuba ruwan buta ta gefe, sannan ta ɓamɓaru da wata irin ƙara. Abin da ya faɗo a kan teburin awo curi ne guda, ya kai girman ƙwaryar fura, alawa da mazarƙwaila da kantu duk sun narke sun haɗe, ga zanen cikin hular ya fito a jikinsa raɗau.

Yara suka manta da jirgin sama suka yo kansa.

"Ga tawa, mai ja!"

"Wannan ta ranar Juma'a ce, da ya ce zai kai wa gwamnati!"

Kulu ta ratsa taro ta tsaya a kan curin, ta nuna wani farin gefe da yatsa. "Wannan tuwon madarata ne. Ko a lahira na gan shi na gane shi."

"Mai dokar barci," in ji Isyaku, bai ma ƙarasa ba, dakali gaba ɗaya ya amsa masa, "ya ɓige da gyangyaɗi!" Mai unguwa ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Nata'ala ya so ƙasa ta tsage. Amma ko a cikin wannan hali, da ya ga Malama Zaituna ta kira Hasana ta ɗora Ladi a kan tebur, sai ya manta da ƙudajen da suke kansa. Ya miƙa wuya yana kallo. Malamar ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ƙara dubawa.

"Baƙin bai ci gaba ba," ta ce. "Ba sai an cire ba. Hasana, yaya kuka yi?"

Hasana ta sunkuyar da kai, don ba ta iya faɗa a gaban suruki. Ladi ce ta amsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Duk mijina nake kai wa. Shi yake cinyewa. In ya ƙoshi ya sa a hula."

Aka sake kwashewa da dariya, har da masu riƙe ciki. Malama Zaituna ta juyo ta ce, "Baba, buɗe bakin in gani." Ya buɗe iya yadda kumburi ya bari. Ta leƙa, ta ja da baya kaɗan. Sannan idonta ya yi haske irin na wanda ya yi tsintuwa.

"Baba, don Allah kada ka rufe. Shekara shida ina yi wa iyaye bayani da baki, ba a ji. Yara, ku yi layi! Kowa ya zo ya ga abin da zaƙi yake yi."

Haka aka yi. Yaran Madabo suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, ƙanana ana ɗaga su, kowa ya leƙa bakin Malam Nata'ala ya ga ramuka da baƙaƙen kututture. Wasu suka toshe hanci, wata ta fashe da kuka ta ce a kai ta gida. Iyaye mata ma suka bi sahu, Kulu sau biyu ta zagayo. Jawabin da ya kwana arba'in yana shiryawa, abin da jama'a suka samu daga cikinsa shi ne "Aaa." Ladi ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi a hankali, ba ta yi dariya ba.

Bayan kumburi ya sauka aka kai shi asibiti aka cire haƙora biyu. 'Yardada ta mayar da turminta, ta sa gorar a murhu. A Juma'ar da ta biyo, gida huɗu cikin bakwai ƙosai da gyaɗa suka yi sadaka da su, yara suka karɓa suka ce amin ba gardama.

Da la'asar yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, kai ba hula, an ɗaure haɓa da ƙyalle, Isyaku ya zo dubiya. Ladi tana gefensa tana wasa da zare. Sai ga Kulu ta fito da faranti, don ita ta ce ba wanda zai sauya mata sadaka. Ta tsaya a gaban yarinyar ta miƙa mata tuwon madara guda biyu, fari tas, yana ƙamshi.

Ladi ta mayar da hannuwanta baya. "Na daina, Inna. Amma amin, Allah ya dawo da su."

Malam Nata'ala ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya tuna yaron nan durƙushe a tasha, ya ji a ransa cewa ko yau ya dawo, akwai abin da zai nuna masa. Ya share ido da bakin ƙyalle, ya dubi Isyaku.

"Ka gani ko? Duk cikin tsarin ne. Tun farko na san sai an yi asarar soja ɗaya ko biyu."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Isyaku.

Kulu tana tsaye da hannu a miƙe. Malam Nata'ala ya dubi tuwon madarar, ya ce ai ba kyau a mayar da hannun sadaka, ya kai nasa hannun a hankali. Ladi ta kama yatsunsa da hannu biyu ta mayar masa da su kan cinya, ta danne.

"Bari, mijina," ta ce. "Saura haƙora goma sha ɗaya gare ka. Na ƙirga."